Kafin A Sayi Jif Ɗin Nan: Za Ta Tashi Da Ƙarfe Biyun Dare?

 

Yau za ki ce malamar jinya ta saki layi, ta bar zancen riga-kafi da kunun yaye ta koma zancen mota. Ban saki ba. Saƙonni biyu ne masu kama da juna suka shigo mini a mako guda. Ta farko maigidanta ya samu buɗi, yana son babbar jif ta alfarma, ya kuma nemi shawararta. Ta biyu kuwa kuɗin gadonta ne da na gwala-gwalan da ta sayar take son zubawa a mota, ƙawaye sun ce mata in za ta saya, ta sayi wadda in ta tsaya a ƙofar gidan biki kowa zai san an zo. Tambayarsu ɗaya: an ce motocin nan suna da laulayi, gaskiya ne?

Ni daga ƙofar asibiti nake kallon mota. A yawancin garuruwanmu motar gida ita ce motar ɗaukar marar lafiya. In naƙuda ta tashi da tsakar dare, ko zazzaɓi ya sa yaro jijjiga, ko ciwon mai sikila ya motsa, ba wanda ke zaman jiran motar asibiti, makulli ake nema. A aikinmu akwai abin da muke kira jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa, tsarin da wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka fitar a 1994: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na tsakiyar nan sau da yawa zancen abin hawa ne. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasa ranta cikin sa'o'i biyu in ba a tare shi ba. Na sha karɓar mace an kawo ta a A Daidaita Sahu tana galabaice, alhali a gidansu akwai motar da kuɗinta zai sayi fili. In kin tambaya ina motar, sai a ce tana gareji wata na biyu ke nan, ana jiran wani ƙarfe daga Legas.

To me ke kawo laulayin? Daɗin da aka saye ta dominsa, shi ne dai silar. Ɗauki Range Rover, wadda ake ƙerawa a Ingila. Ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba kamar Corolla. A kan jakunkunan roba masu iska take, da ɗan injin da ke hura su, da kwamfutar da ke auna tsayinta a kowace kusurwa. Shi ya sa in kin shiga sai ki ji kamar kina kan katifa, ramin titi ko a jikinki. Amma roba tana tsufa, zafinmu da ƙurarmu kuma suna ƙara mata gaggawa. Ran da jaka ɗaya ta fara yoyo, za a wayi gari motar ta durƙusa a tsakar gida kamar raƙumi, ɗan injin kuma yana ta faman hurawa har shi ma ya ƙone. Wasu manyan Mercedes da BMW da Audi suna da irin wannan tsarin. Ga kujera mai motsi da lantarki, ga rufi mai buɗewa, ga birkin hannu da ya koma maɓalli, ga kwamfutoci birjik suna magana da juna. Batir kaɗai in ya yi sanyi, sai fitilun gargaɗi su cika gaban direba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abin more rayuwa ne ran da yake aiki, kuma ƙofar gareji ce ran da ya tsaya.

A Amurka akwai masu bin diddigin wannan, irin su Consumer Reports da J.D. Power, suna tambayar masu motoci matsalolin da suka gani. Shekara da shekaru Lexus da Toyota suna yawan fitowa a sahun gaba, Land Rover kuma tana yawan zama can ƙasa. Wannan ba tsegumin makanikai ba ne. Sai dai ki lura da abu ɗaya: binciken J.D. Power kan ƙarkon mota, motoci masu shekara 3 yake dubawa. Mu kuwa wadda muke kira sabuwa, 'yar Beljiyam ko tokumbo, tana iso mana da shekara 10 ko 15 a wuyanta, ta gama ƙuruciyarta a hannun wasu. Don haka sunan kamfani rabin labari ne. Ragowar rabin shi ne abin da wannan motar ta gabanki ta gani a rayuwarta.

Kuma wasu sun ga da yawa. A 2017 guguwar Harvey ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston na jihar Texas, haka ma guguwar Ian a Florida a 2022. Irin waɗannan kamfanonin inshora kan biya masu su, sannan su yi gwanjonsu da arha a wurare irin su Copart, daga nan wasu su hau jirgin ruwa zuwa Afirka ta Yamma. A wanke, a goge, a fesa turare. Ƙaramar mota marar tarkace da ta sha ruwa tana iya lallaɓawa. Jif mai kwamfutoci a ƙarƙashin kujeru kuwa, ruwan yana nan yana cin wayoyinta a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe ta mutu a tsakiyar titi ba gaira ba dalili. Kamar ciwon da bai nuna ba ne ranar awo, sai bayan wata shida.

Kar ki ɗauka Lexus waliyyiya ce. RX ta wajen 2004 zuwa 2009 an san ta da fashewar dashbod ko yin danƙo a rana. Injin RX 350 na farko-farko kuma yana da wani tiyon baƙin mai na roba da kan fashe ya zubar da mai, har kamfanin ya koma sa na ƙarfe. In irinta ake tayawa, a tambaya ko an canja shi. Abin da ya sa take da sauƙin riƙo a wurinmu daban ne. Lexus reshen alfarma ne na Toyota tun 1989, kuma injin RX 350 ɗin da ta cika titunanmu danginsa ɗaya da na Highlander da Sienna da Venza da Camry mai silinda shida. Makanikin unguwarku ya san cikinsa kamar yunwar cikinsa, kayansa kuma suna nan a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja. Na waccan ta Ingila kuwa sau da yawa sai an buga waya Ladipo a Legas, wani lokaci sai an yi odarsa daga waje, sannan a nemo wanda yake da kwamfutar da za ta karanta ta. In a Abuja kike, da sauƙi. In a Gumel ko Malumfashi kike, lissafin ya canja gaba ɗaya. Kowace mota tana lalacewa. Tambayar ita ce kwana nawa za ta yi a kwance in ta lalace, kuma wa zai tashe ta a garinku.

Sai zancen kuɗi, wanda a nan ne ake yaudarar mu. Sabuwar Range Rover a Amurka ta haura dala 100,000. In ta shekara goma sha biyu farashinta kan faɗi warwas, har ki ga ana sayar da ita kusa da kuɗin Toyota da ba ta kai ta kyau ba, ki ce garaɓasa. Motar ce ta yi arha, kayan gyaranta ba su sauko ba, har yanzu na motar dala 100,000 ne. Kuma da dala ake shigo da su. Kafin tsakiyar 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Fetur ma kin san labarinsa: kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Tankin RX 350 yana cin wajen lita 70, na babbar Range Rover wajen lita 100. In muka ƙaddara lita naira 1,000 don sauƙin lissafi, cika tanki sau ɗaya naira 70,000 ne ko 100,000. Ki ajiye wannan kusa da kuɗin makarantar yaro ɗaya na zango ki duba. Ga tayoyi masu faɗi da ba sa jure rami, ga baƙin mai na musamman da ba a yi masa ha'inci. Akwai gidajen da motar lafiyarta ƙalau, amma tana lulluɓe da tamfol saboda ba a iya ciyar da ita. A daren da ake buƙatarta, ita da wadda ta lalace duk ɗaya ne.

Ba cewa nake kar a so abu mai kyau ba. Mace ta yi wahala, Allah ya hore mata, ta hau abin da ranta ke so, ba laifi. Jif kuma tana da amfaninta na gaskiya: da damina akwai layukan da ƙaramar mota ba ta shiga, ga yara biyar da kayan makaranta, ga zuwa ƙauye gaida su Inna. Ra'ayina dai shi ne, in akwai wata ƙaramar mota mai lafiya a gidan, kuma bayan an biya kuɗin jif ɗin akwai rara a ajiye, a sayi wadda ake marmari, in ta kwanta akwai madadi. In kuwa ita kaɗai ce za ta zama motar gidan, ita ce ta makaranta, ta kasuwa, ta asibiti, to a zaɓi wadda garinku zai iya gyarawa cikin yini ɗaya, ko da ba ita ce za ta fi jan ido a wurin biki ba. Jan idon ma, a halin da wasu hanyoyinmu suke ciki, ba kullum ne alheri ba. Ke kuma mai kuɗin gado, kar ki zuba su duka. Ni da ni ce, kashi ɗaya cikin biyar zan ware tun farko in ce na gyaran shekarar farko ne, in sayi motar da ragowar za ta iya saya.

In an tsayar da shawara, a fara taya kayan gyara kafin a taya mota. A tura wani kasuwar kayan mota ya tambayo kuɗin shokozoba ko jakar iska, da famfon ruwa, da injin esi, da giyabos na irin motar da shekararta, ya kuma tambaya ko akwai a ƙasa ko sai an yi oda. Yawon awa ɗaya ne, amma ya sha sa mutane canja ra'ayi.

Ran ganin motar a tafi da makanikinku, ba na dillali ba, shi dillali la'adarsa yake nema. A je da sassafe a tayar da ita injin na sanyi, domin motar da aka ɗumama tana ɓoye ciwonta. In an kunna, duk fitilun gargaɗi ya kamata su kama sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ta ne ko an rufe. A sa mata kwamfuta. Ke kuma uwargida kina da hanci, yi amfani da shi: ɗaga kafet ki sansana warin danshi, ja bel ɗin kujera har ƙarshensa ki ga ko akwai shatar ruwa, leƙa ƙarƙashin kujera ki duba tsatsa. A jikin taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT. In kin ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019 ke nan, komai kyan zanenta ta tsufa. Takardun kwastam kuma a tabbatar da su kafin kuɗi su fita.

Abu ɗaya da wayarki za ta yi miki kina zaune. Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da lambobi 17, ana ganinta ta gilashin gaba a gefen direba. In daga Amurka ta zo, da wannan lambar ake sayen tarihinta a Carfax, a ga ko ta yi haɗari, ko ta sha ruwa, ko an mayar da mitar tafiyarta baya. Kyauta kuma za ki iya sa ta a shafin hukumar NHTSA ki ga ko akwai gyaran da kamfani ya kira ta ba a kai ta ba. Wannan na damu da shi saboda jakunkunan iska na kamfanin Takata, waɗanda aka janye miliyoyinsu a duniya har kamfanin ya karye a 2017. Zafi da danshi na shekaru suna lalata sinadarin da ke cikinsu, in sun buɗe sai su watso ɓarɓashin ƙarfe a fuskar mutum. Suna cikin motoci iri-iri, har da na alfarma, kuma motar da ta bar Amurka ba a gyara ta ba, ba mai biyo ta nan da wasiƙa.

Wajen maigida kuma, kin fi ni sanin mutumin ki. In kika ce “kar ka saya”, kin sa shi saya. Bari ya ci ya ƙoshi, ki yaba motar, sannan ki ce, “Abban yara, in ta tsaya mana a hanyar Zariya da dare, wa za mu kira? Kuma cikin abokanka masu irinta, wa za mu tambaya nawa ya kashe mata bara?” Ki bar shi da tambayar ya kwana da ita.

Masu irin waɗannan motoci a gida, don Allah ku taimaki 'yan'uwa a ƙasa: wace iri ce, ta wace shekara, a wane gari kuke, kuma kwana nawa ta yi a gareji bara. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi zancen kujerar jariri a mota, da dalilin da ya sa nake faɗa da masu rungume yaro a kujerar gaba.