Garkar gida ta tukunya ce, zazzaɓi na likita ne

Shekara 3 ke nan da na yanka tsohuwar jarka gida biyu, na cika ta da ƙasa da takin awaki, na dasa na'ana'a daidai inda muke alwala. Tun ranar ban sake sayen ganyen shayi ba. Gefenta akwai ɗoɗɗoya, ga zogale biyar a jikin katanga, da damina kuma uwargida takan yafa yakuwa da lalo.

Aikin ba shi da wuya. Na'ana'a reshe ake dasawa, ta kama cikin kwanaki, sai dai tana son inuwa da bazara. Ɗoɗɗoya a riƙa tsinke mata kai kafin ta yi fure, sai ta yi ta ba da ganye. Zogale a sare shi in ya kai ƙirjin mutum don ya yi rassa, a shanya ganyensa a inuwa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun isa ban ruwa, a guji na sabulu. Babban abokin gaba akuya ce, maganinta darni.

Mu ba baƙin garka ba ne. Bayan farin 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a noman rani, kuma har yau albasar Galmi da zogalen Gulbin Maradi suna ciyar da gidaje. Shi ya sa nake cewa kowace makaranta ta samu ƴar garkarta, a kuma koyar da aikin tun daga makarantar horon malamai. Yaron da ya auna fili da taku, ya ƙirga kwanakin tsiro, ya yi lissafi da kimiyya ba tare da allo ba.

Amma ga inda na yi kuskure. Bara na raba wa ƴan ajina dashen ɗoɗɗoya, na yaba musu amfaninta ga miya da kumburin ciki, na tsaya nan. Cikin Satumba wata ɗalibata ta yi kwana biyu ba ta zo ba. Ashe ƙanenta mai shekara 3 ke zazzaɓi, kakarsu tana ta tafasa masa ɗoɗɗoyar da na bayar da ganyen dogon yaro. Rana ta uku ya fara jijjiga. Sai da aka yi masa ƙarin jini a asibiti kafin Allah ya tashi kafaɗarsa.

Ban ga laifin tsohuwar ba, abin da ta gada ta yi. Ni da na yi karatu na faɗi rabin magana. Na'ana'a tana kwantar da ciki bayan cin abinci, zogale yana gina jiki, ruwan zoɓo yana kashe ƙishirwa. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Gwajin jinin yatsa bai fi minti 20 ba, kuma tun 2006 doka ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Na san wani lokaci a je a tarar babu magani, sai an saya. Duk da haka kuɗin kwana na farko bai kai na ƙarin jini ba.

Bana ma zan raba dashe. Sai dai duk yaron da ya miƙo hannu, sai ya maimaita mini: ganye na tukunya, jikin ƙanena in ya yi zafi, asibiti a ranar. Ƴan uwana malamai da masu garka, ku riƙa haɗa wa mutane da wannan rabin.