Ba Gyara Ba Ne, Ɓarna Ce: Ku Bar Wa Basakkwace Kalmominsa

Wai shin wa ya naɗa 'yan fim da marubutanmu alƙalan Hausa? Yau fiye da shekara talatin ke nan tun fitowar Turmin Danya a 1990, amma har gobe in ka ji Sakkwatanci a bakin ɗan wasa, to ɗayan biyu ne: ko maigadi ne, ko baƙauyen da aka kawo don a yi dariya. A littafi kuwa, sai mai tace rubutu ya bi kalmomin marubuci Basakkwace yana sauya su da na Kano, wai ai "duk ma'anarsu ɗaya". Haba jama'a! Wannan magana ce ta wanda bai san aikin masana ilimin ma'ana ba.

Su masanan nan ba zama suke yi su yanke hukunci da ka ba. Sukan ɗauki kalma su sa ta cikin jimla, su cire ta su sa 'yar'uwarta a gurbinta, sannan su tambayi masu harshen: maganar ta canza ko tana nan? Da haka suke gane kalmomin da ke kusa da juna, da masu kishiyantar juna, da wadda ta haɗiye wasu a cikinta, da kuma kalma guda mai ma'ana biyu.

To mu ɗauki wannan awo mu tafi Fakku, can ƙasar Kebbe kusa da Tambuwal, a kudancin Jihar Sakkwato. In uwa ta ce da baƙo yaronta "yana kwana", barci take nufi, ko da rana tsaka ce. Bakano kuwa kwana a wurinsa shi ne wuce dare a wani waje. In manomi ya ce ya shuka gujjiya, gyaɗa ya shuka. Abin da Bakano ke kira gurjiya, shi kwaruru yake ce masa. Hatsi a Kano babbar rumfa ce da gero da dawa da maiwa ke ƙarƙashinta, amma a yammacin ƙasar Hausa sau da yawa in an ce hatsi, gero ake nufi kai tsaye. Ka gani ke nan, mai tacewar da ya mayar da gujjiyar Fakku gurjiya, ya sauya wa manomi amfanin gonarsa ɗungurungum, yana kuma tinƙahon ya yi gyara!

Wani zai ce ai Daidaitacciyar Hausa muke karewa. Madalla. Amma daidaita rubutu daban, kashe kalma daban. Bargery da ya fitar da ƙamusunsa a 1934 bai zubar da kalmomin Sakkwato da na Katsina ba, ya shigar da su ya kuma nuna inda ake faɗarsu. Mu da muka gaji harshen ne za mu fi shi ƙyamar su? Kuma da wane karin harshe Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi waƙoƙin da har yau ake nazari a jami'o'i?

Abin haushin ma, ko a Kanancin ba a tsira ba. Dubi yadda ake cakuɗa so da ƙauna da sha'awa da bege a littattafan soyayya kamar abu guda. Kana iya son tuwo, amma ba ka ƙaunarsa. Bege kuwa sai ga wanda ba ya kusa. Sunan littafin Ado Ahmad Gidan Dabino, In Da So Da Ƙauna, shi kansa shaida ne cewa abu biyu ne.

Shawarata ga furodusoshi: in labarinku ya faru a Tambuwal ko Kebbe, ku nemo ɗan ƙasar ya duba maku maganganun, ku kuma bar likita da alƙali da jarumin fim su yi Sakkwatanci ba tare da an mai da su abin dariya ba. Masu tace littafi su ajiye Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 kusa da su, in kalma ta shige masu duhu su tambayi marubucin kafin su ɗora mata jan biro. Yaron da ke kallo a Fakku yana ji, yana kuma koyon jin kunyar maganar uwarsa. Allah ya ganar da mu.