Zare: An gina mana jami'a a Daura, to wa zai koya wa malaman koyarwa?

1/ Jama'a ku ba ni aron minti goma. Maganar horar da malamai da ma'aikatan manyan makarantu nake so mu yi. Na san take ne mai sa hamma, amma in kana jami'a ko foliteknik, ko kana da ƙane da ke jiran sakamakon JAMB, wallahi maganar taka ce. 🧵

2/ Duk ɗan masarautar Daura ya ga canjin da aka samu cikin 'yan shekarun nan. A da Kwalejin Yusufu Bala Usman da makarantar koyon aikin lafiya muke tinƙaho da su. Sai ga Foliteknik ta Tarayya a 2019. A watan Disamba na shekarar kuma marigayi Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ginawa. A 2023 aka sa wa dokarta hannu, Farfesa Umar Adam Katsayal ya zama shugabanta na farko.

3/ Alhamdu lillahi. Yaro daga Baure ko Zango ko Sandamu ko Mai'aduwa yanzu zai iya yin digiri ba tare da ya kama ɗakin haya a Zariya ba. Wanda bai san daɗin wannan ba bai taɓa jin mahaifinsa ya sayar da tunkiya don kuɗin mota ba.

4/ Amma duk lokacin da aka tashi yabon makarantun nan, gini ake nuna mana. Ga ƙofa mai kyau, ga fenti, ga ɗakin taro mai sanyi. Ban taɓa ganin an ɗora hoto an ce "ga yadda muke shirya malamanmu kafin su shiga aji" ba. Alhali ɗalibi ba bango yake saurare ba, mutumin da ke tsaye gaban allo yake saurare.

5/ Ku duba wani abin mamaki a tsarinmu. Wanda zai koyar da 'yan aji ɗaya na firamare, doka ta ce sai yana da NCE, shekara uku yana koyon yadda ake koyarwa, har da fita gwajin koyarwa, sannan ya yi rajista da TRCN. Mai digirin da zai koyar a sakandare ana ce masa ya je ya yi PGDE.

6/ Malamin jami'a fa? Ya fita da sakamako mai kyau, ya gama bautar ƙasa, a ɗauke shi, a miƙa masa kwas da ɗalibai ɗari uku. Shi ke nan. Babu wanda ya zaunar da shi ya nuna masa yadda ake tsara darasi, yadda ake rubuta tambayar jarrabawa da za ta auna fahimta, ko yadda ake gane cewa rabin aji sun ɓace tun minti goma na farko.

7/ To me zai yi? Zai koyar yadda aka koyar da shi. In malaminsa shifta yake yi daga tsohon littafin rubutu, shi ma haka zai yi, wani lokacin ma da littafin nan ɗin dai. Akwai kwas da muka yi a makarantarmu (ba zan kama suna ba) da takardun lakcar suka girmi wasu daga cikinmu. Yayana ya yi kwas ɗin shekara bakwai kafin ni, har kuskuren rubutun da ke shafi na huɗu iri ɗaya ne.

8/ Kuma mutumin nan ya san abinsa fa. In ka same shi a ofis ka yi masa tambaya, sai ka ji ilimi kamar rijiya. A aji ne abin yake maƙalewa. Sanin abu daban, iya sa wani ya san shi daban, kuma na biyun ma koyonsa ake yi.

9/ Wani zai ce ai akwai TETFund. Ƙwarai akwai. Ga wanda bai sani ba: asusu ne da ya samo asali daga gwagwarmayar ASUU ta 1992, aka kafa shi da dokar harajin ilimi a 1993, aka sake masa fasali da suna a 2011. Daga ribar kamfanoni ake cire kuɗin. Shi ne yake gina yawancin gine-ginen nan da kuke ganin sunansa a jiki, kuma shi ne yake biya wa malaman makarantun gwamnati karatun digiri na biyu da na uku da zuwa tarukan ilimi.

10/ Ba na raina wannan ko kaɗan. Malamai da yawa a Arewa da kuɗin nan suka zama daktoci, wasu a Malesiya, wasu a Ingila, wasu a nan gida. Sai dai digiri na uku horo ne na bincike. Mutum zai shekara huɗu yana tono abu guda siriri kamar allura, ya dawo a sa shi gaban 'yan aji ɗaya da suka fito daga makarantar jeka-ka-dawo, Turancin ma da ƙyar. Wa ya shirya shi don wannan?

11/ Sannan tun farkon 2025 TETFund ta dakatar da tura malamai karatu waje. Dalilan da ta bayar su ne tsadar canji da kuma waɗanda aka tura suka ƙi dawowa. Wato ƙofar da aka dogara da ita ma ta tsuke. In haka ne, horon cikin gida ya zama dole, kuma a nan ne gizo ke saƙa.

12/ Don mu faɗa wa kanmu gaskiya: me ake nufi da "taron bita" a ƙasar nan? Otal a Kaduna ko Abuja, kwana uku. Ranar farko jawabin manyan baƙi har azahar. Ranar biyu wani ya karanta abin da ke jikin majigi kalma da kalma, yana koya wa mutane "sabbin dabarun koyarwa" ta tsohuwar dabara. Ranar uku hoto, jaka mai tambari, satifiket, alawus. A dawo gida.

13/ Litinin ta zagayo, Malam ya shigo aji da littafin nan nasa. Jakar ce kawai sabuwa.

14/ Kuma su wa ake turawa? Sau da yawa manya ne da suka rage shiga aji, ko na hannun daman mai rabon. Ƙaramin malamin da ke ɗauke da kwas biyar, wanda shi ne yake ganin ɗalibai kullum, shi ake bar wa aikin waɗanda suka tafi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mu busasshen muke kaiwa otal.

15/ Ku tuna abin da ya faru a 2020. Korona ta zo aka rufe makarantu, ga yajin aikin wata tara a kai. Jami'o'i masu zaman kansu da yawa suka koma karatu ta intanet, mu na gwamnati muka zauna gida muna ƙirga kwanaki. A 2022 aka ƙara wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ko da babu yajin, malamai nawa aka taɓa koya wa yadda ake gudanar da aji ta waya? Ba a fafe gora ranar tafiya.

16/ A Disamba 2022 NUC ta fito da sabuwar manhaja, CCMAS. Kashi 70 daga hukuma, kashi 30 kowace jami'a ta tsara nata gwargwadon buƙatar yankinta. Tunani ne mai kyau. Amma tsara manhaja sana'a ce. Kashi 30 ɗin nan shi ne wurin da jami'ar da ke Daura za ta sa abin da ya shafi iyakar Kongwalam, da safarar hatsi da dabbobi daga kasuwar Mai'aduwa, da zirga-zirga tsakaninmu da Damagaram. In ba a horar da masu rubutawa ba, kwafo na wata jami'ar za a yi a canza suna a sama.

17/ Ga kuma ChatGPT. Kar mu yi wa juna ƙarya, rabin aikin gida da ake miƙawa yanzu shi ya rubuta. Wasu malaman ba su gane ba, wasu sun gane sun koma zargin kowa, har wanda ya kwana yana rubutu da hannunsa. Dukansu biyun horo suke buƙata kan irin aikin da za a ba ɗalibi wanda na'ura ba za ta yi masa ba.

18/ Yanzu bari in zo kan waɗanda ake mantawa da su gaba ɗaya, ma'aikatan da ba sa shiga aji. Mai kula da rajista, mai shigar da maki, na ofishin kuɗi, na laburare, mai kula da ɗakin gwaje-gwaje.

19/ Ɗalibi ya fi shan wuya a hannun waɗannan fiye da a hannun farfesa. Wata 'yar ajinmu ta maimaita kwas da ta ci, saboda an shigar da makinta a lambar wani. Sai da ta kusa gama maimaicin aka gano takardarta. Kuɗin rajista, kuɗin mota, zagin gida cewa ba ta karatu, duk ta sha. Wanda ya yi kuskuren ba mugu ba ne. An dai ajiye masa kwamfuta a gaba aka ce daga yau da ita za ka yi aiki, ba a ƙara masa ko kalma ba.

20/ Haka na'urori. Ana sayo injin miliyoyi, a kawo shi, a yanke kyalle, a rufe shi da leda don babu wanda ya iya kunna shi. 'Yan kimiyya da injiniya ku faɗi gaskiya, na'ura nawa kuka sani ta taga kawai?

21/ Wannan ne ya sa nake damuwa da Jami'ar Sufuri musamman. Irinta ce ta farko a ƙasar nan. Injiniyancin layin dogo ba fanni ne da jami'o'inmu suka daɗe suna koyarwa ba, don haka babu tarin tsofaffin farfesoshi da za a ɗebo daga Zariya ko Kano kamar yadda ake yi in za a buɗe sashen Tarihi ko Hausa. Yawancin malamanta dole daga fannoni na kusa za su zo, su koyi sauran a kan aiki.

22/ Kuma damar tana bakin ƙofa. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da kamfanin Mota-Engil ke yi, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, ta Kazaure da Daura ya bi kafin ya nufi Katsina da Jibiya. A ganina duk malamin da zai koyar da shimfiɗa layi ko siginar jirgi ya kamata ya yi wata uku a wurin aikin nan, da hular kwano a kai, yana tambayar masu yi. Hutun ƙarshen zango ya isa. Babu biza, babu dala.

23/ Ga NITT a Zariya, tun 1986 take horar da ma'aikatan sufuri. Ga matasan da CCECC ta kai ƙasar Sin suka karanto fannin layin dogo. A nemo su, a jawo waɗanda ke da sha'awar koyarwa, a haɗa su da manyan malamai da suka san aji. Wannan ya san ƙarfe, wancan ya san ɗalibi.

24/ Na san wasu malamanmu suna karanta wannan suna cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Malam, da girmamawa, na ji uzurinku kuma gaskiya ne. Albashi bai kai ƙarshen wata, aji ya cika har taga, ga takardun jarrabawa dubu, ga wuta babu. An shafe fiye da shekara goma ana jan yarjejeniyar 2009. Mutumin da ke tunanin kuɗin mai ba zai ji daɗin a ce masa ya zo a koya masa koyarwa ba.

25/ Kuma tsarin ƙarin girma bai taimaka ba. Maƙala nawa ka wallafa ake ƙirgawa. Malamin da ya iya koyarwa har ɗalibai na rububin kujerar gaba, da wanda ke shigowa sau huɗu a zango, in takardunsu ɗaya matsayinsu ɗaya. To don me mutum zai wahalar da kansa?

26/ Amma duk da haka ban yarda a ce sai an gyara komai sannan a taɓa wannan ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abubuwan da nake nufi ba su kai kuɗin kwana uku a otal ba: duk sabon malami ya yi sati biyu ana nuna masa aikin aji kafin a ba shi kwas. Babban malami ya riƙa shiga ajinsa lokaci-lokaci ya zauna a baya, bayan an tashi su tattauna su biyu. Mai shigar da maki a koya masa manhajar a kan teburinsa, da ainihin takardun da yake aiki da su.

27/ Sannan a tambaye mu. Ƙarshen kowane zango a ba ɗalibai takarda babu suna, su faɗi abin da suka gane da abin da ya shige musu duhu. Na san tsoron da ake ji, wai za mu rama a kan mai tsauri. Wasu za su yi, ba musu. Amma in mutum ɗari biyu suka ce ba sa jin abin da ake faɗa daga layi na biyar, ai ba ƙiyayya ba ce, lasifika ake buƙata.

28/ Wani abin da ke ba ni haushi shi ne jihar nan ce ya kamata ta fi kowa sanin wannan. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, wadda ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa kafin ta zama Barewa, don horar da malamai aka kafa ta. Sardauna kansa koyarwa ya fara yi a Sakkwato bayan ya fita. Da malami aka fara, sannan sauran suka biyo.

29/ Kuma mu 'yan Daura mu sani, wanda ya kawo makarantun nan ya koma ga Mahaliccinsa a Yulin 2025, Allah ya jiƙansa. Tun ana ginin wasu ke cewa son kai ne, me ya kai jami'ar sufuri Daura. Amsar wannan gorin ɗaliban farko ne za su ba da ita ranar da suka zauna gaban masu ɗaukar aiki a Legas ko Abuja. In suka yi rawar gani, bakin kowa ya mutu. In aka tambaye su abu mai sauƙi suka yi zuru, sunan zai bi ƙannenmu shekara ashirin.

30/ Don haka 'yan ƙungiyar ɗalibai, na jami'ar da na foliteknik da na kwaleji, ga aiki. Zama na gaba da za ku yi da hukumar makaranta, bayan maganar ruwa da wuta a hostel, ku ƙara tambaya uku: malamai da ma'aikata nawa aka horar bana, a kan me, kuma nawa ne daga cikinsu ke shiga ajin 'yan shekarar farko? Ku nemi a ba ku a rubuce, ku ɗora mana a nan mu gani.