Ƙaramar MP Ta Fi Mini Babbar Waya a Bakin Shago

Yau zan yi magana ne a kan wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana girma ba, wato abin jin sautin nan da muke kira MP, wadda ake sa wa memori a saurari karatu ko waƙa. Ra'ayina shi ne, duk wanda sana'arsa ta zaman shago ce ko tafiya a hanya, wannan 'yar na'ura ta fi masa babbar waya amfani wajen sauraro. Na san abokaina za su yi dariya, amma ku bari in faɗi dalilina tukun.

Mahaifina daga wani ƙauye na ƙasar Kano ya zo Damagum, tun garin yana cikin tsohuwar jihar Borno, kafin a ƙirƙiro jihar Yobe a 1991. Tireda yake yi. A nan aka haife ni, a nan na gama sakandare, kuma tun daga lokacin ni ne a bakin shago daga safe har bayan isha'i. Wanda ya san zaman shago ya san akwai lokacin da ciniki yake ɗaukewa, ka yi awa guda babu wanda ya leƙo. Dole mutum ya nemi abin ɗebe kewa, ni kuwa wayata ce abokiyar hirata.

Wata ranar kasuwa a 2023 ina cikin kallon bidiyo, iyafis a kunne, wani mutum ya biya kuɗin katan ɗin taliya ɗaya, yaron shago ya tambaye ni nawa zai ɗora masa, na ɗaga yatsu biyu ban ko ɗago kai ba. Sai da yamma wajen lissafi abin ya fito. Baba bai yi faɗa ba, ya dai dube ni ya ce, "Ɗan nan, taura biyu ba ta taunuwa. Ko ka zauna a shago, ko ka zauna cikin wayar nan." Na ce, "Baba, ai ku ma da rakodarku kuke zama, kaset ɗin Shata yana ta juyawa." Ya ce, "Kaset kunnena kawai yake ci. Taka ta cinye maka ido da hannu da hankali."

Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai, don gaskiya ce. Za ka ɗauki waya da niyyar canza waƙa kawai, sai ka ga saƙon WhatsApp, daga nan Facebook, daga nan TikTok, kafin ka farga rabin awa ta tafi. MP kuwa ba ta da abin kallo. Maɓallin kunnawa ne, da na gaba, da na baya, da na ƙara murya da ragewa. Ka danna ka jefa aljihu, idonka yana kan kaya da kuɗi. Mako biyu bayan abin taliyar nan na shiga mota zuwa Potiskum na sayo guda ɗaya, wayar kuma na koma ajiye ta a aljihun tebur, sai kira ya shigo ko za a duba shigowar kuɗi.

Masu ganin abin ƙauyanci ne, su sani manyan kamfanoni ma sun bi wannan hanya. Tsarin matse sauti da ake kira MP3 injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus ne suka jagoranci samar da shi, kuma a 1995 aka raɗa masa wannan suna. A 1998 wani kamfanin Koriya ta Kudu ya fito da MPMan, wadda ake lissafawa cikin na'urorin farko na aljihu, mai ɗaukar megabayit 32 kacal, wato waƙoƙin da ba su kai goma ba. Apple ya kawo iPod a Oktoban 2001, mai gigabayit 5, aka tallata ta da cewa tana ɗaukar waƙa 1,000. Sannan a Janairun 2005 kamfanin ya fito da iPod shuffle, wadda ba ta da allo ko kaɗan, sai maɓallai. Sun daina yin shuffle a 2017, sun kuma rufe babin iPod gaba ɗaya a 2022, saboda a ƙasashensu waya da intanet sun wadata. To mu a nan halinmu daban ne, shi ya sa har yanzu 'yan ƙirar Sin suke cike da teburan masu kayan waya.

Ku tuna 2013. A watan Mayu na shekarar, bayan Shugaba Goodluck Jonathan ya sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an rufe layukan waya, mu a Yobe sai cikin Yuli aka dawo mana da su. Lokacin ina ɗan shekara goma sha uku. Kusan wata biyu ba kira, ba saƙo, Baba ba ya jin labarin 'yan uwansa na gida sai in direba ya zo da sallahu. Abin da ya rage yana aiki a gidanmu shi ne rediyo da abin da ke cikin memori. Da magariba ta yi kowa yana gida saboda dokar hana fita, sai yayana ya kunna mana abin da ya tara, mu zauna tsakar gida muna ji. Tun daga lokacin na gane abin da ke cikin memorinka shi ne naka. Wanda ke intanet aro ne, ranar da layi ya ɗauke ya tafi.

Ga kuma maganar kuɗi. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari, data ta ƙara tsada. Wanda yake sauraro kai tsaye daga intanet, duk lokacin da ya maimaita abu sai ya sake biya. Ga matsalar wuta da kowa ya sani. In ka wuni kana jin waƙa a waya, zuwa la'asar batir ya mutu, ka kai wajen mai caji ka biya, a lokacin kuma mai kaya daga Kano yake nemanka bai same ka ba. Waya jarin ɗan kasuwa ce yanzu, da ita ake turo kuɗi, da ita ake jin farashi. Bai kamata a ƙarar da cajinta wajen nishaɗi ba.

Yanzu ga abin da na koya wajen zaɓe, wasu da kuɗina na koye su.

Na farko, ka san wa za ka saya wa. Iri biyu ne suka fi yawa. Akwai 'yar mitsitsiya mai maƙalewa a riga, wadda sai da iyafis. Akwai kuma mai kamar ƙaramar rediyo, mai lasifika da eriya da manyan maɓallai, wadda take kama tashar FM. Ta biyun na saya wa Baba, don idonsa ya fara rauni, da lalube yake gane maɓallan, kuma ba ya son a cusa masa abu a kunne.

Na biyu, batir. In za ka sayi mai lasifika, nemi wadda ake cire batirinta, musamman mai cin irin batirin tsohuwar Nokia da ake kira BL-5C, don ko'ina ana samunsa. Ka sayi guda biyu, ɗaya yana aiki ɗaya yana caji. Wadda batirinta yake liƙe a ciki, ranar da ya kumbura ita ma ta gama yawo.

Na uku, memori, kuma a nan aka fi cutar mutane. Araha ba ta ado. Akwai na jabu da ake rubuta wa 32GB alhali cikinsa bai kai haka ba, ka loda kaya ka ga kamar sun shiga, ka je gida rabi ya ƙi buɗewa. Ya taɓa faruwa da ni. Da na koma na ce wa mai shagon, "Maigida, wannan fa bai yi ba," sai ya ce shi ma haka aka sayar masa. Tun daga nan sai an cika shi a gabana na gwada na farko da na tsakiya da na ƙarshe nake biya. Kuma kada ka haura 32GB, don yawancin masu arahar nan ba sa karanta wanda ya fi haka. Ba ka ma bukatar babba. A matsakaicin inganci, minti ɗaya na sauti yana cin kusan megabayit ɗaya, ke nan memori mai 8GB zai ɗauki sama da awa 120. Ko kullum awa huɗu kake saurare, sai ka yi wata guda ba ka maimaita ba.

Na huɗu, ka gaya wa mai tura maka kaya ya sa su a tsarin MP3. Saƙon murya na WhatsApp da wasu abubuwan da ake saukewa daga intanet tsarinsu daban ne, waya za ta buɗe su amma 'yar na'urar ta tsallake. In karatu ne mai bin juna, a sa wa kowane lamba a gaba, 001, 002, 003, a kuma tura su a jere, in ba haka ba sai ka ji darasi na goma kafin na biyu. Ka kuma gwada ko tana ci gaba daga inda ka tsaya in an kashe ta. Wadda take komawa farko kullum ba za ta yi wa mai bin dogon karatu ba. Ni memori biyu na yi, ɗaya na karatu ɗaya na waƙa, don kada ina cikin jin tafsiri kalangu ya faɗo.

Ba zan ɓoye aibinta ba. Ba ta da ƙwari, in ta faɗi sau biyu uku sai ta fara shiririta, kuma ba a cika gyara ta ba. Iyafis ɗin da ake haɗowa da ita ba ya wata guda. Sannan akwai maganar da ta fi waɗannan nauyi, wato haƙƙin masu waƙa. In na ba mai turawa kuɗi ya cika mini memori da Aminu Ala da Nura M. Inuwa, ko kwabo ba ya isa hannunsu. Mu 'yan kasuwa ne, mun san zafin a ɗauki kayanka ba a biya ba, ni da katan ɗaya na taliya ya hana ni barci. Ban da cikakkiyar mafita, amma na ɗaukar wa kaina cewa duk inda mai abu ya buɗe hanyar saye ko tallafa masa, zan bi ta nan, ba zan fake da cewa kowa ma haka yake yi ba.

Sai kula da kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi tun 2015 cewa matasa sama da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauti mai ƙarfi, kuma jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. Shawarar da ake bayarwa ita ce kada murya ta wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarfin na'urar. Ni a shago kunne ɗaya nake sawa, in mai saye ya yi sallama in cire. Kuma don Allah kada a toshe kunne biyu a gefen babban titin nan na Potiskum zuwa Damaturu, inda tireloli ke wucewa dare da rana. Mai lasifika kuma ya tuna maƙwabcinsa. Muna zaune da Karekare da Ngizim da Fulani da Barebari lafiya, kowa da abin da kunnensa yake so, ba daidai ba ne ka cika layi da naka. Na ma roƙi wani abokina Bakarkare ya tura mini kiɗan bikinsu, yana nan cikin memorina.

Abu na ƙarshe shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ranar da na miƙa wa Baba tasa, na cika ta da Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos. Dukkansu sun riga mu gidan gaskiya, Ɗanƙwairo a 1991, Shata a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kaset-kaset ɗin Baba kuwa zafi da ƙura sun gama da su tuntuni. Ya kunna, ya yi shiru, can sai ya fara ba ni labarin kasuwar ƙauyensu da yadda ya hau motar itace ya taho gabas da jarin da bai cika aljihu ba. Ban taɓa jin labarin nan ba sai ranar. Da na ga tawa tana ɗaukar murya, washegari na roƙe shi ya maimaita, na naɗa. Yanzu ina da fiye da awa uku na muryarsa, da sunayen kakanninmu da unguwarsu, na kuma kwafe su a wuri biyu don memori ba abin yarda ba ne.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Mu da aka haifa a nan Damagum ce gidanmu, amma ƙannenmu da yawa ba su san sunan ƙauyen kakansu ba. Shawarata ga ɗan uwa ita ce, ka sayi 'yar na'urar nan, ka ba wayarka hutu, ka tsare idonka a kan sana'arka. In ka samu mai naɗar murya, ka zauna gaban tsohonka ko tsohuwarka tun suna da rai, ka danna maɓallin.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya zaunar da jiharmu lafiya.