WA ZAI KAFA MANA TURKE A DAJI?

'Yan'uwa makiyaya da fataken dabbobi! Kowa a cikinmu ya san turke, domin da shi muke ɗaure maraƙi. To yau maganarmu a kan wani turke ne daban, wato dogon ƙarfen nan mai jar fitila da muke hangowa idan mun doshi gari, wanda in babu shi salula ba ta magana, rediyon FM kuma ba ya kamawa. Tambayarmu ɗaya ce: don me wannan turke yake bin kwalta da rufin kwano, ya bar rijiya da ruga?

Bari mu fara da yadda sana'ar take, don kada a ce muna surutu cikin jahilci. Da yawa daga turakun nan ba na kamfanonin da ke sayar mana da kati ba ne. Akwai kamfanoni daban da ba su da aiki sai su yi hayar fili, su kafa ƙarfe, su sa injin wuta da batura da mai gadi, sa'annan su bai wa kamfanonin salula haya na shekaru masu yawa. Ɗan haya na farko shi ke biyan ɗawainiya, na biyu da na uku su ne riba. A shekarar 2019 kamfanin American Tower na Amurka ya sayi Eaton Towers, mai turaku sama da 5,000 a Nijar da Burkina Faso da Gana da Kenya da Uganda, a kan kuɗi kimanin dala miliyan 1,850. Ashe kuwa ba sadaka ake yi ba, kasuwa ce mai tsoka. Mai neman 'yan haya uku kuwa birni zai nufa, ba zai je bayan Tasara ko Tesker ba.

Ba mu ƙi ɗan kasuwa ya ci riba ba, mu ma 'yan kasuwa ne. Abin da muka ƙi shi ne irin ƙidayar da ake yi mana. Idan za a zaɓi wuri sai a ƙirga gidaje, a ce nan babu mutane. Subhanallahi! Wanda ya taɓa tsayuwa bakin babbar rijiya a arewacin Dakoro cikin bazara, ko ya je Ingal lokacin lasar gishiri, ko ya kwana a Abalak daren kasuwa, ba zai ce babu mutane ba. Mutanenmu ba su da gidan ƙasa ne kawai, amma salula tana nan cikin aljihu, kuma da kuɗin akuya ake sa mata kati.

Ku dubi abin da rashin turke yake jawo mana. Makiyayi ya koro shanu kwana uku bai san farashin kasuwa ba, sai abin da dillali ya faɗa masa, komawa kuma ba ta yiwuwa. Wutar daji ta tashi bayan kaka, kafin labari ya kai ga hukuma ta cinye ciyawar rani. Ɓarayi su kore garke da dare, sai yaro ya hau raƙumi yini guda yana neman tudun da waya za ta kama. Mace ta kwana biyu tana naƙuda babu halin kiran mota. Wannan ba maganar jin daɗi ba ce, maganar rai da dukiya ce.

Za a ce mana kafa turke a daji akwai tsada, gazuwal sai an kai shi nesa, ga kuma rashin tsaro. Gaskiya ne, mun ji yadda 'yan bindiga suka lalata turaku a jihar Tillaberi, kuma mu muka fi kowa sanin ɗacin rashin tsaro. Amma rana da take ƙona mu kyauta ita ce ke kunna turaku a wurare da dama yanzu, kuma a shimfiɗaɗɗen fili irin namu turke guda yana iya kai magana kilomita 20 ko 30. Sa'annan barin daji babu waya ba ya kawo tsaro, ɓarawo ne kaɗai yake jin daɗinsa.

Babbar magana ita ce doka ta riga ta hango wannan. Akwai asusun isar da sadarwa ga kowa, inda kamfanonin salula suke zuba wani kaso na cinikinsu don a kai waya inda riba ba ta kai ta. Cinikin nan da kuɗinmu a ciki. A 2020 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin kai sadarwa ƙauyukan Nijar. Madalla. Amma in ma'aunin shi ne ƙauye, ina rabon wanda ƙauyensa ke tafiya da ƙafa huɗu? Kada ya zama kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wani abin kuma, idan an tashi kafawa a yankinmu, a tuna filin yana da masu haƙƙi. Dokar karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun kare burtali da makiyaya da mashaya, sun kuma ce yawon kiwo haƙƙi ne. Saboda haka ba ya halatta wani ya sa hannu a takarda a cikin zaure ya karɓi kuɗin haya a kan filin jama'a, mu wayi gari mu ga shinge a hanyar shanu.

Ga abin da muke nema, a fili:

Na ɗaya, hukumar ARCEP da masu riƙe da asusun su bayyana kowace shekara nawa aka tara da inda aka kashe, a karanta a rediyo da Hausa da Fulfulde da Tamashek da sauran harsunanmu.

Na biyu, a sa manyan rijiyoyi da kasuwannin dabbobi da mahaɗar burtali cikin lissafi daidai da ƙauyuka.

Na uku, kada a kafa turke a yankin kiwo sai an bi ta kwamitin filaye an zauna da shugabannin makiyaya, kuɗin haya kuma ya shiga aikin rijiya da rigakafi, mai gadi ya zama ɗan wurin.

Mu ma da namu aikin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kowane reshe na ƙungiya ya rubuta sunayen rijiyoyi da kasuwannin da waya ba ta kamawa, da yawan garkunan da ke sha a wurin, a kai wa magajin gari da sarki, a riƙe kofi guda. Fatake kuma, ku da kuke da baki a birni, ku sa mana hannu, domin wayar da ba ta kai ga makiyayi ba ku ma ba ta kai ku ga saniya ba. Wanda ya yi shiru an ɗauka ya ƙoshi ne.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mana dukiya, ya sa hukuma ta ji. Amin.