Shawara Ga Iyaye: Ina Za Ta Koyi Aikin Likita?



Ran Lahadin da ta wuce, bayan an tashi daga sujada, wata uwa ta tare mu da damuwa. 'Yarta tana so ta zama likita, ga lokacin cika takardar JAMB ya yi, amma gida ya rabu biyu. Maigida yana son Jami'ar Bingham domin ta ekklesiya ce. Ita kuwa uwar tana son Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, domin ta fi kusa da gida, ta kuma fi sauƙin kuɗi. Muka tambaye ta, a cikinsu wa ya taɓa leƙa asibitin da yarinyar za ta yi koyo? Ashe ba ko ɗaya.

To, a nan maganar take. Karatun likita shekara shida ne. Kusan rabin farko a aji ake yinsa da ɗakin gwaji, ana koyon sassan jiki da yadda suke aiki. Sauran rabin kuwa a gefen gadon majiyyaci ne. A can ne ɗalibi zai saurari ƙirji, ya ɗinke rauni, ya ga haihuwa da tsakar dare. Gani ya kori ji. Saboda haka wanda yake zaɓen makaranta, asibiti yake zaɓa.

Jami'ar Zariya an kafa ta a 1962, ta fara koyar da likitoci a 1967. Asibitinta yana Shika, a kan hanyar Funtuwa, ba nisa da Samaru. Daga jihohi da dama ake aiko da masu ciwo mai tsanani can, don haka ɗalibi zai ga cututtuka iri iri. Amma mu tuna, a babban asibiti yaro mai kunya yakan tsaya a baya, sai ya koyi matsawa gaba da kansa. Kuma a 2022 yajin aikin malamai ya tsai da karatu a jami'o'in tarayya har wata takwas.

Ita Bingham, ECWA ce ta kafa ta a 2005, tana kuma a Karu, kusa da Abuja. Amma iyaye da yawa ba su san cewa a Jos ake shekarun asibiti ba, a asibitin nan na Evangel da muka sani da Jankwano, wanda mishan ɗin SIM ta buɗe a 1959. Wato yarinya za ta zauna a gari biyu, daga zafin Karu zuwa sanyin Jos. Asibitin bai kai na Shika girma ba, amma ya yi suna wajen aikin jinƙai, musamman ga mata masu yoyon fitsari. Kuɗin makarantar kuwa yana da nauyi. Uba ya zauna ya yi lissafin shekara shida cif, kada a fara gini a bar shi ba jinka.

Shawararmu ita ce, ku sa takalmi ku je. Ku tabbata Hukumar Likitoci ta Ƙasa ta amince da makarantar, ku kuma ji yawan ɗaliban da ta yardar mata. Ku nemi ɗalibin shekarar ƙarshe ku tambaye shi: mutum nawa ke tsayawa a kan gado ɗaya? Ana barinku ku taɓa majiyyaci, ko kallo kawai kuke yi? Yaya nisan wurin kwana da asibiti ga mai aikin dare? Akwai ekklesiya ko dangi kusa, waɗanda za su lura da ita?

Bayan wannan ku saurari yarinyar da kanta, gama ita za ta sha wahalar. Sa'an nan ku durƙusa tare da ita ku yi addu'a. Luka wanda ya rubuta Bishara likita ne. Ubangiji da ya yi aiki da hannunsa yana da iko ya yi aiki da na 'yarku, ko a Shika ko a Jos.

Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.