Taswira Ba Ta Ganin Mai Tsallaka Titi

Tun da aka mai da hanyar Keffi zuwa Makurdi tagwaye, aka kuma fara karɓar kuɗin hanya a 2025, tsohuwar taswirar na'urar mota ta daina faɗin gaskiya. Lalle ne 'yan Arewa mazauna Anacha da Fatakwal su sabunta tasu kafin su kamo hanyar gida.

Amma fa direban da ba ya sassauta gudu sai na'ura ta tsegunta masa akwai kyamara a gaba, tara kurum yake tsoro. A Azuba, kusa da Lafiya, yara da tsofaffi kan tsallaka titin nan, ba kuwa taswirar da ke nuna su. Doka ta ƙayyade kilomita 50 a awa cikin gari. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.